Firizar Maman Biyu

"Wannan watan babu," in ji Mai Jaka, ya tura aljihun teburinsa da gwiwa.

Kafin aljihun ya rufe, Maman Biyu ta hango abin da take gani kowane wata: katunan banki sun fi talatin, an ɗaure su da roba kamar karta. Ba ta taɓa tambayar na waye ba. Ita dai ranar biyar ga wata takan shigo wannan ɗan ofis na bayan shagon siminti, ta sa hannu, a miƙo mata dubu goma. Wata bakwai ke nan ba fashi.

"Babu kamar yaya? Kuɗin ne suka gaji da haihuwa?"

"Mai Ƙanƙara, wanda kuɗinki ke hannunsa ne ya gaza. Albashinsa bai shigo cikakke ba."

"Waye shi?"

Mai Jaka ya yi murmushin nan nasa mai sanyi, ya gyara tabarau. "Sirri shi ne jarina. Da ina faɗin sunan mutane, ke ma da tuni mijinki ya san kina zuwa nan."

Nan ta yi laƙwas. Dubu ɗari biyu ta damƙa wa mutumin nan, ribar ƙanƙarar shekara uku, leda ɗaya bayan ɗaya. Firizar da ke gurnani a lungun falonta ita ce gonarta, ita ce ofishinta. Mahaifiyarta ta sha gaya mata cewa mace mai hankali ba ta nuna wa miji ƙasan tukunyarta, ta kuma riƙe maganar gam. Da Mai Jaka ya ce mata kuɗi ba sa son kwanciya, ta kawo ya juya mata, sai ta ji kamar an buɗe mata taga. A lissafinta, nan da shekara za ta sayi firiza ta biyu.

"To yanzu uwar kuɗin fa?"

"Kar ki damu, akwai jingina. Ba na ba da ko sisi sai na riƙe abu."

Ta fito rana na dukan ta, ta rasa ko fushi za ta yi ko tsoro za ta ji.

* * *

Ranar Asabar da hantsi ta shimfiɗa littafin cefane a kan murfin firizar, tana ta buga lissafi yana ƙin tsayawa. Mijinta direba ne a wani ofis, albashinsa dubu casa'in, ta san wannan sarai. Da yakan ajiye mata dubu hamsin na abinci. Sai ya koma talatin, sai ashirin, wannan watan kuwa sha biyu ya ajiye a kan talabijin, ya fita da sauri kamar wanda ya bar wuta a wani wuri. Dubu goman Mai Jaka da take cewa za ta tara, duk a tukunya suke ƙarewa. Ta ce tana gina arziki, amma ko tubali ɗaya ba ta ga ya hau kan wani ba.

Baban Biyu na zaune bakin ƙofa yana goge takalmin da duniya ta riga ta gama gogewa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Baban Biyu, wai rage muku albashi aka yi?"

"Abubuwa ne dai suka yi tsada."

"Tsadar a kasuwa take, ni nake zuwa. Kai ina naka suke tafiya?"

"Maman Biyu, ki bar ni in ji da abu ɗaya."

"To ba ni katinka in ciro wa 'yan biyu kuɗin littattafai. Malamarsu ta yi magana har sau biyu."

Hannunsa ya tsaya a kan takalmin. "Ai na gaya miki na'ura ta haɗiye shi."

"Tun wata bakwai? Wace irin na'ura ce wannan da ba ta amai?"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya sa takalmin ya fita. Ta bi bayansa da kallo, ranta na saƙa da warwara. Ko caca ya fara? Ko wata ce a waje? Amma wace mace ce za ta bi mutumin da silifas ɗinsa na wanka ƙusa ce ke riƙe da shi? Ta tuna lokacin da mai gida ya matsa musu da kuɗin haya, Baban Biyu ya zauna a gefen gado ya ce, "Ko kina da wani abu a ajiye ki ara min?" Ta ce masa ba ta da shi. Kwana uku kafin nan ta kai wa Mai Jaka komai. Bayan mako guda ya biya hayar, ba ta tambaye shi daga ina ba, shi ma bai faɗa ba. A gidan nan kowa ya iya barin kaza cikin gashinta.

* * *

Biyar ga watan da ya biyo, Mai Jaka ya sake buɗe mata tafin hannu babu komai. Wannan karon idonta ya rufe.

"Ni fa ba sadaka na bayar ba. Da sanyin ƙanƙara na tara kuɗin nan, yatsuna har yau ba sa jin allura. Ka ce akwai jingina?"

"Akwai."

"To a ɗauko a sayar. Me ake jira?"

"Mutumin yana ta roƙo a ƙara masa wata ɗaya. Ya ce yana da iyali."

"Ni kuma duwatsu nake da su a gida? Wanda ya san yana da iyali shi ke cin bashin da ya fi ƙarfinsa? Ita ma matar tasa sakarya ce, tana zaune miji na haƙa musu rami ba ta sani ba."

Mai Jaka ya dube ta ta saman tabarau. Sannan ya zaro takarda ya juyo mata. "Sa hannu nan, cewa ke kika nemi a ɗauka."

Ta sa, har biron ya kusa huda takardar.

* * *

Washegari da azahar tana ƙulla ledojin ruwa aka yi sallama. 'Yan dako biyu ne, da amalanke a bakin ƙofa. Babban ya miƙo mata takarda.

"Firiza aka ce mu ɗauka, Hajiya."

"Kun yi ɓatan gida."

"Gida na uku bayan famfo, ƙofa shuɗiya. Ba nan ba ne?"

Ta karɓa. Rasit ɗin firizarta ne, wanda ta ɗauka yana cikin gwangwanin takardu a saman sif. Sunan Baban Biyu ne a kai, don ranar sayenta, shi ta ba kuɗin ya je. An maƙala masa wata takarda da allurar ofis. A ƙasanta ga sa hannunta na jiya, da ɗan wurin da biro ya kusa hudawa.

Ta karanta, ta sake karantawa. Haruffan duk ta san su, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana. Ita ce ke bin bashi. To me ya kawo amalanke ƙofarta? Ta ce musu su dakata, ita ce ta aiko su. Suka ce to, shi ya sa suka zo. Ta ce a'a, gidan wanda ake bi za su. Suka dubi juna.

"Hajiya, mu dai dako aka biya mu."

Ta tsaya riƙe da leda a hannu, suka zare wayar daga bango. Gurnanin da ta saba ji shekara uku ya ɗauke, falon ya yi shiru har tana jin numfashinta. Suka kwashe ƙanƙarar suka zuba mata a babban baho, da ladabinsu, sannan suka ciccibi firizar suka fita da ita ta gefe.

* * *

A ofishin Mai Jaka ta tarar da mijinta. Yana tsaye gaban tebur, hularsa a hannu, yana cewa a taimaka a dawo da ita kafin matarsa ta haukace. Ya juyo ya gan ta.

"Me kike yi a nan?"

"Kai me kake yi a nan?"

Mai Jaka ya nuna musu benci. "Ku zauna, ai duk gida ne."

Ya buɗe littattafai biyu gefe da gefe, ya yi musu bayani a natse kamar malamin lissafi. Ita ta kawo dubu ɗari biyu, ana ba ta dubu goma duk wata. Shi ya karɓi dubu ɗari biyun nan, ana cire dubu arba'in daga katinsa duk wata, ladan juyi ne kawai, uwar kuɗin na nan ba a taɓa ta ba.

"Wato kuɗina ya ara?"

"Su ne."

"Dubu arba'in yake biya, ni ina karɓar goma. Talatin ɗin fa?"

"Ofis ba ya tafiya da iska, Mai Ƙanƙara."

"Kuma ka san mijina ne?"

"Adireshi ɗaya kuka rubuta. Amma ke kin ce kar ya sani, shi ma ya ce kar ki sani. Na riƙe wa kowa amanarsa, ina laifina?"

Baban Biyu yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Ashe kina da su ranar da na tambaye ki."

"Ashe kai ma firizata ka ɗauka ka ba wani."

Mai Jaka ya ce firizar ta riga ta samu mai saye, dubu ɗari da tamanin. An cire bashin wata biyu da kuɗin dako, saura casa'in da biyar. Ya tura mata ambulan. Ragowar dubu ɗari da biyar kuwa mijinta zai ci gaba da biyan ta, ta hannun ofis.

"Na yafe masa. Ka ba shi katinsa."

"Yafiya tsakaninku ce, Allah ya ba ki lada. Ni da shi takarda muka yi ta shekara." Ya jawo aljihun tebur don ya mayar da biro. A saman ɗaurin katunan ta ga ɗaya mai ɗigon jan farce a kusurwa, wanda 'yan biyu suka ɗiga wa katin babansu bara. "In kina so ma ki bar waɗannan a nan," ya nuna ambulan ɗin da haɓa, "su ci gaba da haihuwa."

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne sai da ta ɗan yi tunani kafin ta ɗauka.

* * *

Da la'asar suka iso gida, ita a gaba shi a baya, kamar ba tare suke ba. 'Yan biyu sun dawo daga makaranta, sun sami sabon wurin wasa: inda firizar ta tashi ya bar murabba'i fari tas a kan siminti, sun mai da shi ɗakin 'yartsana.

Maman Biyu ta zauna gefen bahon. Ledojin sun saki, suna iyo. Ta jawo littafin cefane ta buɗe sabon shafi, ta rubuta "wanda ake bi", ta rubuta "mai bi", ta rasa a ƙarƙashin wanne za ta sa sunan gidan nan. Ambulan ɗin na soke a ƙugunta, gefensa na sukar ta.

Baban Biyu ya tsuguna a ɗaya gefen bahon, ya daɗe yana juya hularsa.

"Maman Biyu," ya ce a hankali, "ko akwai dubu biyu da za ki ara min na mota, zuwa ƙarshen wata?"

"Ba ni da shi."

Maganar ta riga ta fita kafin ta san ta buɗe baki. Ya gyaɗa kai, kamar dama amsar da yake jira ke nan. Bahon ya daɗe da tsagewa a gindi, ruwan ya silalo a kan siminti, ya bi ta tsakaninsu, ya shiga farin murabba'in. Yaran suka ɗage 'yartsanarsu don kar ta jiƙe.