Tayar da Aka Ba Ni Ajiya

Shekara talatin ina facin taya a bakin titi, da shi na raini 'yata har ta zama injiniya. Wata Asabar sai ga ta ta gangaro da taya rumfata.

"Baba, ajiye min wannan. Laka na zuba a cikin robarta."

"Laka? Ashe duk karatun nan wasan ƙasa kike yi!"

Ta yi dariya, ta ce lakar ta fi garin kwalli laushi, tana kwanciya falle-falle cikin robar, iska in ta zo fita sai ta yi ta kewaye har ta gaji. Masana'antarsu ta ba ta wata biyu. In tayar ta riƙe iska a zafin bakin titi aikinta ya zauna, in ta sace a rufe shi.

Kowace Asabar ta zo da gejinta ta auna, allura ko gezau. Ni kuwa na shiga lissafi. Taya ta daina sacewa, ni in ci me? Na tsoma ta a bahon ruwa, na shafa wa bawul yawu, ko kumfa ɗaya babu.

A sati na biyar zuciya ta ɗebe ni. Na sa tsinken ashana na danna bawul. Kaɗan fa, wallahi.

Ta zo ta auna, ta sake aunawa, sai ta zauna a kan bencina idonta ya ciko.

"Shekara biyu nake kanta, Baba. Ran Litinin zan gaya musu ba ta yi ba."

Kai, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na zaro tsinken daga aljihu na faɗi gaskiya.

"Don me, Baba?"

"In taya ta daina sacewa, wa zai zo wurina?"

Ta jawo gwangwanin da nake tara ƙusoshin da na zare daga tayoyi, ta girgiza shi a gabana.

"Haba Baba! Lakata iska take tarewa, ina ruwanta da ƙusa?"

Ta roƙi ƙarin wata biyu, aka ba ta. Tayar kuwa ta gangara da ita tsallaken titi, wurin mai facin da muka yi shekara goma ba ma ga maciji. Yanzu kowace Asabar shi take fara gaisarwa.