Zuƙar Farko

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To ku matso kusa, amma fa ba ta dariya ba ce.

Ranar Juma'a ce a garin Irbid, an ci mansaf, shinkafarsu da naman rago, an wanke hannu, an fito baranda ƙarƙashin inabi. Hajja Wasfiyya ta miƙe ƙafa, ta kira jikarta Dima ta zo ta tayar da shisha. Haka ake yi a gidan tun kaka da kakanni. Zuƙar farko wahala ce, sai an ja an ja kafin garwashi ya kama taba, don haka mafi ƙanƙanta a gidan ke ja, in hayaƙi ya yi kauri ya goge bakin tiyo ya miƙa wa babba. Wasfiyya ta yi wa kakanta, ɗanta Nidal ya yi mata. Da ya girma, ita da kanta ta koya wa Dima tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Har alfahari take wa maƙwabta, wai duk unguwar babu mai hannun yarinyar nan.

* * *

Dima na da shekara goma sha biyar ta faɗi a filin makaranta, numfashi ya ƙi fita. Iyayen suna wurin aiki, sai kakar ta raka ta asibiti. Likitar ta daɗe tana sauraron ƙirjin, sannan ta tambaya tun yaushe yarinyar ke shan taba.

Ran Wasfiyya ya ɓaci. "Jikata ba ta sha, 'yata. Tayarwa kawai take mana."

"Sau nawa a rana, Hajja?"

Ta fara lanƙwasa yatsu. Tata ta hantsi. Ta Nidal bayan la'asar. Ta surukarta Suhair in maƙwabta sun shigo. Ga ta baƙi. Ta tsaya tana kallon hannunta. Likitar ta ce asma ce, kuma ruwan kwalbar nan da ake cewa yana wanke hayaƙi sanyaya shi kawai yake yi. In ba a raba yarinyar da shi ba, wata faɗuwar za ta fi wannan.

A gida ta tara su ta faɗa. Suhair ta yi kuka kaɗan, ta ce ƙurar makaranta ce. Nidal ya sumbaci kan uwarsa.

"Haba Mama, ɗanɗanon tuffa ne fa da ruwa. Ke da kika shekara sittin kina sha, ga ki nan kin fi ni ƙarfin faɗa."

Duk da haka ta sa doka: Dima ba za ta ƙara taɓa tiyo ba. Tata shishar, mai kwalba shuɗiya da marigayi mijinta ya kawo mata daga Sham, ta ba mai sayen tsofaffin kaya. Kwana tara dokar na aiki. Sai dai yarinyar ta zama mai saurin fushi, tana cin farce, tana giftawa ta baranda ba gaira ba dalili.

* * *

Rana ta goma yayan Suhair, Abu Laith, ya zo daga Amman. Baƙo ne, kuma babba. Aka sha shayi, Nidal ya fito da shisharsa ya ɗora garwashi, baƙon ya waiga.

"Ina gwanar tawa? Ko an zama 'yan mata an daina yi wa kawu hidima?"

Aka yi dariya. Nidal ya sunkuyar da kai. Wa zai faɗa wa baƙo cewa 'yar gidan ba ta da lafiya, a garin da magana ke riga mutum isa gida? Wasfiyya ta jira ya ja da kansa, amma uba ba ya tayar da shisha alhali 'yarsa na tsaye. Sai ta miƙa hannu ta ce yau ita za ta yi, don girmama baƙo.

Ta ja sau ɗaya. Ta ja na biyu. Garwashin ko ja bai yi ba tari ya sarƙe ta, idanunta suka kawo ruwa, ta dafa ƙirji. Abu Laith ya rantse ba zai yarda tsohuwa ta mutu a kansa ba.

Dima ta durƙusa, ta ɓamɓare yatsunta daga tiyon a hankali.

"Kawo, Kaka. Za ki ji wa kanki ciwo."

Wasfiyya ta so ta ce a'a, tari bai bar ta ba. Tana gani yarinyar ta kai tiyon baki, ta lumshe ido, kafaɗunta suka sauka kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya. An daɗe da samun hayaƙi kafin ta tuna ta miƙa wa kawun.

Abu Laith ya koma Amman yana yabon tarbiyyar gidan. Nidal da Suhair suna nan suna shan abarsu. Dima ta daina gudu a makaranta, ta sake faɗuwa sau biyu kafin ƙarshen shekara, yanzu maganin shaƙa ba ya barin aljihunta. Wasfiyya kuwa ba ta ƙara sha ba, kuma ba ta ƙara zama a baranda ba. Tana ɗaki, tagarta a rufe.