Fim ɗin Gwaggo Mai Ɗinki

"Ku ɗaga ni in zauna," in ji Gwaggo mai ɗinki. "Ba a kallon fim a kwance."

Ni da 'yarta muka jingina ta da filo biyu. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ban san ta taɓa yin fim ba sai da likita ya ce a mai da ta gida. Kaset ɗin yana ƙasan akwatinta. Maigidana ya kwana biyu yana zaga gari kafin ya samo bidiyon da zai kunna shi.

Matan layinmu suka cika ɗakin, aka tura keken ɗinki lungu. Hoton yana rawa, sai ga Gwaggo da ƙuruciyarta, riƙe da jaka, uwarta ta fim ta juya mata baya.

"Gwaggo, ashe an yi kyau!" in ji mai kitso.

"Da kin ɗauka da furfura aka haife ni?"

Mako ɗaya aka nuna fim ɗin a sinima, aka manta da shi. Ƙanenta kaɗai bai manta ba. An gaya masa rigimarta da mahaifiyarsu ce ta kai wa duniya, ya ƙi kallo, ya daina taka ƙofarta shekara talatin da biyar.

Muna cikin kallo aka yi sallama. Shi ne, dogare da sanda. 'Yarta ce ta kira shi a ɓoye. Ya tsaya a bakin ƙofa. A talabijin, yarinyar ta ajiye jaka ta ce, "Inna, ko ba ki juyo ba, ni taki ce."

"Ba haka kika faɗa ba ranar," ya ce.

"Haka na so in faɗa, Auta. Shi ya sa na yi fim ɗin."

Ya ƙaraso ciki. Sannan ya zauna a gefen gadonta ya ce, "A mayar baya."

Sau uku aka mayar.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ta cika. Duk wanda ya zo gaisuwa, sai Auta ya riƙe hannunsa ya ce, "Yayata ce. Ka san ta yi fim?"

Da mutane suka ragu, na gan shi ya ɗauki takalmanta daga bakin ƙofa, ya goge su da hannun rigarsa, ya jera su a inuwa.