Ranar da Na Cika Masa Gishiri

Sati biyu da fara maganar korona a rediyo aka kulle mazajenmu a shantiye, wato wurin aikinsu. Maigidana Fatahu yana aiki da wani ƙaramin kamfani mai kwasar duwatsu da manyan motocin kamyo a bayan garin Arlit. Shef ɗinsu, wato shugaban aikin, ya tara su ya ce wanda ke son aikinsa ya ɗauko tabarma ya zauna ciki, ba shiga ba fita sai abin ya lafa. Wanda bai so, ga hanya. To, wace hanya? Garinmu yana can ƙasar Tawa, kuma rumbun da muka baro babu komai cikinsa. Fatahu ya naɗe tabarmarsa ya tafi. A lokacin watanmu goma da aure.

Kamfani yana ba su abincin rana, na yamma kuwa mu mata muke kaiwa. A bakin ƙofar shantiye an kafa rumfar kwano da dogon tebur. Bayan la'asar ki ajiye langar yau, ki ɗauki ta jiya, ba ki ganin kowa sai Illi mai gadi, wani dattijon Ba'abzine da rawaninsa ya rufe har hanci. Yakan ce su sun riga likitoci rufe baki da shekara dubu. Kowace mace ta yi wa langarta alama. Ni ɗigo uku na yi da jan farce a kan murfi.

Da Kande muke zuwa, maƙwabciyata a gidan haya, 'yar Maraɗi, matar Ɗalhatu direba. Ta girme ni da shekara shida ko bakwai. Idan Kande ta yi dariya a tsakar gida ana ji a bakin titi, idan ta soya albasa kuwa duk gidan sai ya sani. Ni ko gaisuwa sai an matso ake jin tawa. Tun kafin kulle Fatahu yakan tsaya a ƙofarta su yi ta barkwanci, ni ina ɗaki ina jin su, ban taɓa cewa komai ba.

Kwanakin farko langata tana dawowa a wanke. Wata rana har na tarar da gwangwanin sardin guda a ciki, na ɓoye shi cikin akwati na kasa ci. Sai a sati na uku na ɗaga langa na ji nauyi. Na buɗe a gida, tuwon yana nan, gefe ɗaya kawai aka gutsura. Na ce ko zafi ne, don bazara ta kama sosai. Kashegari na yi shinkafa da wake, ta dawo rabi. Na yi dambun zogale, abin da yake cewa ko innarsa ba ta kai ni ba, ya dawo kamar an taɓa da ɗan yatsa.

Ta Kande kuwa kullum fayau. Takan buɗe ta tun a bakin ƙofa ta ɗaga sama ta ce, “Ku dubi aikin Ɗalhatu! Wannan mutum wata rana har langar zai haɗiye.” Mata su yi dariya. Ni sai in ƙara ɗaure tawa da ɗankwali kada a ga yadda nake ɗaukar ta da nauyi.

Fatahu yana kira da azahar idan sun samu hutu. “Lafiya lau? Akwai ruwa? To, madalla.” Shi ke nan. Sau uku ina shirya tambayar a bakina, da na ji muryarsa sai ta koma ciki.

Ranar Talata Illi ya ɗaga murya a gaban kowa, da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

“Kande, kai ne Kande? Fatahu ya ce ka aiko masa yajinka, mai zafin nan.”

Kande ta dafa ƙirji. “Oho! Ashe labarin yajina ya zaga shantiye. Siddiƙa, kin ji mijinki? Ki zo in koya miki, kyauta, ba na karɓar ko dala.”

Wasa take yi, na sani. Amma tun daga ƙofar shantiye har gida ban ga hanya ba. Ni da nake tashi tun asuba in daka, in tankaɗe, in tsaya kan wuta har idona ya yi ja, ni ce ba a iya cin abincina sai da yajin wata. Kuma bai faɗa mini a waya ba, sai ta bakin mai gadi, a gaban matan Damagaram da na Katsina da kowa. Kashegari ina kallo Kande ta ƙulla yajin cikin leda, ta ɗora shi a kan murfin langata, daidai kan ɗigona uku. Ji na yi kamar a kaina ta ɗora.

Na daina zama da ita a inuwa. Idan ta ce, “Ƙanwata, yau me ake dafawa?” sai in ce, “Abin da ya samu.” Na fara lura da abubuwan da da ban damu da su ba, yadda take ɗaura ɗankwali, da yawan turaren da take sawa don zuwa ajiye langa kawai. Har wushiryarta ta fara ba ni haushi.

Ranar Alhamis na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka. Da na zuba tasa a langa sai na tsaya ina kallon ta. Na ɗebi gishiri cike da tafin hannu na zuba, na juya. Na ƙara wani. Na ɗanɗana a bakin cokali, sai da na tofar, harshena ya yi ta zafi. Na ce a raina, tunda ba ci zai yi ba, bari ya san da dalili. In kuma ya kira ya yi faɗa, a ranar zan yi magana.

Ranar Juma'a na ɗaga langa na ji ta sakayau. An cinye, an wanke.

Da ya kira kashegari ban bari ya gama tambayar ruwa ba. Na ce, “Yaya miyar shekaranjiya?”

“Ta yi daɗi, kamar kullum.”

“Gishiri ya ji?”

“Daidai. Allah ya yi miki albarka.”

Na kashe waya na zauna a ƙasa. Wato zubarwa ya yi, ya wanke langa, ya ci na Kande tare da mijinta, sannan ya yi mini ƙarya har da sa albarka. Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ba ya ɓoyuwa. Sai ga Kande ta ɗaga labule ba sallama.

“Ke lafiya? Mutuwa aka yi?”

Na ce, “Ki je ki dafa masa. Ai naki yake ci.”

Ta tsaya baki buɗe. Ni kuma da bakina ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na faɗi na langa, na faɗi na yaji, har na turare na faɗa, na ƙare da gishiri. Na zaci za ta zage ni. Sai ta zauna a bakin gado ta ce, “Tafi biyu? Ke Siddiƙa, ashe shiru-shirun nan naki da ƙaho a ciki.” Ta ciro wayarta ta kira Ɗalhatu, ta buɗe murya don in ji.

“Baban Sani, tsakaninka da Allah, Fatahu ya ci tuwon Alhamis ko zubarwa ya yi?”

“A gabana ya cinye, har ya suɗe hannu. Ni na yi masa faɗa, na ce ya daina mayar wa yarinyar mutane da abinci, ba kyau.”

“Bai ce komai ba?”

“Me zai ce? Mutumin da ya zuba yajinki cokali biyu kamar yana zuba gari, ko tari bai yi ba. Ni da na lashi yajin sai da na sha ruwa buta guda.”

Kande ta kashe wayar a hankali. Dariyar ta bar fuskarta. Ta ce, “Ba ki jin sanarwar da ake yi a rediyo? Zazzaɓi, tari, da me?”

Na sani. Kullum sai an faɗa da Hausa da Tamajak. Mutum ya daina jin ɗanɗano, ya daina jin ƙanshi. Ina ji kullum ina wanke langa, amma hankalina yana kan ɗankwalin Kande.

Na kira Fatahu nan take. Na ce, “Malam, gishiri tafi biyu na zuba a miyar nan.”

Ya yi ƙasa da murya ya ce kwana tara ke nan komai kamar ƙasa yake a bakinsa, ko warin gazuwal, man motocinsu, ba ya ji. Ya nemi yajin ne ko zai ji wani abu. Jikinsa da ɗan zafi amma yana iya aiki. Ya ce, “Don Allah kada ki faɗa wa kowa. Idan aka ware ni, akwai mutum ashirin a bakin ƙofa masu jiran gurbina. Me za mu ci?”

Na dubi Kande. Fatahu da mijinta su takwas suke kwana a ɗaki ɗaya, kuma Ɗalhatu yana da ciwon suga, ita ta faɗa mini da kanta tun muna shiri. Idonta yana kan ƙasa.

Na ce, “Ka je wurin likitan shantiye yanzu. In ba ka je ba, da la'asar ni zan faɗa wa Illi.”

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya kashe waya.

Da la'asar Illi ya karɓi langata ya ajiye ta dabam a ƙarshen tebur. Ya ce, “Mijinka ya je da ƙafarsa. Yana ɗakin baya shi kaɗai. Sauran kuma an raba musu wurin kwana.” Kande ta kama hannuna ta matse, muka taho gida.

Kwana goma bai kira ni ba, in na kira ba ya ɗauka. Labarinsa sai ta bakin Ɗalhatu: yana tashi, yana salla, an ba wani aikinsa kafin a gani. Ni dai kullum ina kai abinci. Kuma kullum, bayan na zuba nasa, sai in ƙara gishiri cokali guda. Langa tana dawowa a wanke, ni kuma in san har yanzu bakinsa bai dawo ba.

Rana ta goma sha ɗaya ina tsintar shinkafa waya ta yi ƙara. Ko sallama bai yi ba.

“Ke Siddiƙa, kashe ni kike so ki yi? Wace irin miya ce wannan? Tun jiya nake shan ruwa kamar raƙumi!”

Na ce, “Ya yi yawa?”

“Yawa? Ko a Bilma garin gishiri ba a zuba haka!”

Na fashe da dariya ina hawaye, har Kande ta leƙo ta katanga. Shi ma na ji yana dariya, tari yana katse shi. Ya ce likita ya ce sauran kwana uku, shef kuma ya ce a zo a yi magana ranar Litinin. Ya ce gobe in yi masa dambun zogale, yana so ya ji ko yana nan yadda ya san shi.

Kashegari Kande ta miƙo mini ƙullin yaji ta ce in haɗa masa, mai tashi daga ciwo yana son abin da zai buɗe masa baki. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya sosai. Na shiga ɗaki na sa shi cikin akwati kusa da gwangwanin sardin, na ɗaure langata na fita.