Tsakanin Jinga Biyu

Iyakar gundumar Warrandool da gundumar Kilbarra kogi ce, haka aka rubuta tun zamanin kakanni. Abin da aka manta shi ne a sanar da kogin. A wata babbar ambaliya, tun Glenys Pascoe tana rarrafe, ruwa ya bar tsohuwar hanyarsa ya haƙa sabuwa kusa da garin Warrandool, iyaka kuwa ta zauna inda take, a busasshen kwari mai cike da itatuwan turare. Ƙasar da ta faɗa tsakanin tsohon kogi da sabo ita ake kira Tsibiri. Gida ɗaya ne a kanta, na Glenys, da garken tumakinta da karnuka biyu. A taswira ita 'yar Warrandool ce, amma sai ta haye gada kafin ta shiga garinsu.

Shugaban majalisar gundumar, Merv Tuckwell, yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba sa ga maciji da juna. Da ubansu zai mutu, ya bar wa Merv gonar alkama ta kan tudu, wadda kowa ya san ta fi albarka, ya bar wa Glenys tsohon gidan da aka haife su. Merv bai taɓa yafe mata ba. Ranar da aka binne mijinta ma ya zo, ya ci naman da aka gasa, ya tafi bai ce mata kanzil ba.

Mutanen Kilbarra ne suka fara. Suka tara ƙasa suka ja doguwar jinga a bakin tsohon kwarin, daidai kan iyakarsu, don tare ruwa. Da Warrandool ta ga haka, ita ma ta tashi jan tata a gaɓar sabon kogi, ta gefen gari. Ba sai an yi karatun injiniya ba kafin a gane abin da zai faru. Jinga a gaba, jinga a baya, Tsibiri ya zama kwano.

Ranar zaman majalisa Glenys ta sa takalmin coci ta hau tudun da zauren yake. Kansiloli na zaune da kofunan shayi, taswirar gunduma na rataye a bayansu. Da aka ba jama'a damar tambaya, ta miƙe.

"Merv, ruwan ina za shi?"

"A wannan zauren Shugaba ake ce mini, Misis Pascoe."

"To, Shugaba. Shugaban da ya yi fitsarin kwance har ya shiga aji uku, ni nake taya Mama shanya. Ruwan ina za shi?"

Wani kansila ya ƙware da shayi. Fuskar Merv ta yi jawur, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Gari yana da asibiti da makaranta da gidan tsofaffi. Ke me kike da shi? Rufin kwano mai tsatsa da tumaki masu tari. Ki tambayi kowa a nan wanne za a ceta."

"Wa ya ce kada ku ceci gari? Ku ja jingarku har ta taɓo sama. Katafilar gunduma tana bakin gada yanzu haka. Ta haye ta zagaye mini gidan da ƙasa, shi ke nan abin da na zo nema. Ni ma 'yar gundumar nan ce, duba bayanka ka gani."

Aka kawo maganar ƙuri'a. Wata kansila mai shagon magani ta ce ai doka ta ce mai alaƙa da batu ya fita waje a yi ba shi, kuma gidan na mahaifin Shugaba ne. Merv ya gyara zama ya dubi magatakarda.

"Rubuta. Ba ni da wata alaƙa da gidan nan, ko ta kusa ko ta nesa."

Hannuwa suka tashi, aka yi kunnen doki. A irin wannan hali ƙuri'ar shugaba ce ke raba gardama, ya kuwa raba ta da ƙin buƙatar Glenys, yana kallon ƙanwarsa ido cikin ido. Glenys ta fito cike da takaici. A da tana tsammanin haushinsa kawai take ji, ranar ta tabbata ta tsane shi.

Ta gwada Kilbarra, don kada a ce ba ta gwada ba. Injiniyansu mutum ne mai fara'a, ya ba ta shayi da biskit, ya ce wallahi ya tausaya mata, sai dai katafilarsu ba ta taɓa ƙetare iyaka ba kuma ba za ta fara a kanta ba. "Ke ba tamu ba ce, Misis Pascoe. Je ki wurin mutanenku." Ta bar masa shayin ko kurɓa ba ta yi ba.

Ruwan Warrandool ba daga samansu yake zuwa ba. Yakan zuba can kan duwatsun arewa, sai bayan kwanaki ya gangaro, rana na haske, tsuntsaye na kuka, kamar ba abin da ke tafe. Haka ya zo a watan Satumba, lokacin da 'yan raguna ke bin iyayensu. Glenys ta tashi da safe ta tarar tsohon kwarin da ya yi shekara da shekaru a bushe ya cika, ruwa ja yana dukan jingar Kilbarra yana dawowa ta wajenta. Kafin hantsi ya ci makiyayar baya.

Ba ta tsaya kwasar kaya ba, ba lokaci. Ta shiga falo ta ɗauki abu ɗaya daga saman murhun ɗumama ɗaki, ƙaramin hoton Mama zaune a barandar gidan, Merv a tsaye gefenta da guntun wando, ita Glenys a cinya. Shi kaɗai ne hoton Mama da ya rage a duniya. Ta cusa shi cikin rigar ruwanta, ta hau babur mai ƙafa huɗu, ta yi wa karnuka fito.

Ruwa na lasar ƙasan gada sa'ad da garken ya hau ta. A ɗaya ƙarshen, inda hanya ta ratsa jingar Warrandool, akwai giɓi da ake toshewa da buhunan yashi idan ruwa ya taso, kuma toshewar ake yi. Col, direban katafilar gunduma, ya riga ya jera rabi. Merv na tsaye a tsakiyar giɓin da dogayen takalman roba yana ba da umarni. Da ya hango tumaki sai ya ɗaga hannu biyu.

"Tsaya nan! Ke kaɗai za ki wuce, bar dabbobin!"

"Matsa, Merv."

"Kina hauka ne? Dubi ruwa! Kafin tsiyarki ta gama wucewa ya shigo gari. Col, zuba buhunan!"

Col ya leƙo ta tagar katafila ya dubi Shugaba, ya dubi tumakin da suka cika gada maƙil, ba gaba ba baya.

"A kan tumaki zan zuba, Merv, ko a kanka?"

"Ka zuba na ce, ko ka nemi wani aikin!"

Glenys ta waiwayi karnukanta. Ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito mai tsawo, karnuka suka kai hari daga baya. Tunkiya ba ta san shugaban majalisa ba. Ta farko ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, sauran suka biyo ta, Merv ya yi zaman dirshan cikin laka, kofatai na bi ta kansa yana zagi. Glenys ta wuce a ƙarshe, tayar babur ɗinta ta watsa masa taɓo a ƙirji, kuma da gangan ta yi. Ruwa ya fara malalowa kan kwalta sa'ad da Col ya sauke buhunan ƙarshe. Gari ya tsira, da ƙyar.

Daga baya ta ji Merv yana ihu wai ta kai tumakin garken kasuwar dabbobi. Ta yi kunnen uwar shegu da shi. Ta kora su ta babban titi, gaban banki da gidan giya, mutane sun fito ƙofa suna kallo, har tudun majalisa. A gefen zauren akwai filin da dattijan gari ke sa fararen kaya su mirgina ƙwallo ranar Asabar, ciyawarsa shimfiɗe sumul, ana aske ta ana shayar da ita ko a shekarar fari. Merv ne shugaban wannan ƙungiyar ma. Glenys ta buɗe ƙyaure, tumaki suka shiga suka duƙa cin ciyawa.

Merv ya iso yana haki, laka har kunne.

"Fitar da su! Kin san shekara nawa aka yi ana renon ciyawar nan? Wallahi sai na sa an kama ki!"

"Filin gunduma ne, ni kuma 'yar gunduma. Juya ka ga aikinka."

Ya juya. Daga kan tudun ana ganin komai. Gonakin Kilbarra kore shar a bayan jingarsu, rufin gidajen Warrandool a bushe a bayan tasu, tsakani kuwa ruwa ne ja shimfiɗe, kawunan itatuwa na leƙowa. Gidan yana nan tsakiya. Baranda ta riga ta nutse, ruwa na shiga ta tagogi. Suna kallo rumfar aske tumaki ta karkata ta kwanta, kwanukanta suka bi ruwa.

Merv ya ƙura wa gidan ido. Kafaɗunsa suka sauka. Da ya yi magana, ba muryar zaure ba ce, muryar yaron nan ce mai guntun wando.

"Glen. Hoton Mama, na saman murhu. Kin fito da shi?"

Tana jin gefen katakon hoton yana tokarar haƙarƙarinta a cikin riga. Ta dubi yayanta, hawaye na wanke laka a kumatunsa, ta nemi tausayi a zuciyarta ba ta samu ko ɗigo ba.

"Wane murhu? Ai ba ka da alaƙa da gidan, Shugaba, ko ta kusa ko ta nesa. Magatakarda ya rubuta."

"Don Allah, Glen."

"Je ka tambayi kogi."

Ta ja zif ɗin rigarta har wuya, ta bar shi tsaye yana kallon ruwa, ta tafi neman bokitin da za ta shayar da karnuka.