Kwano a Kan Tagiya

"Ƙwaƙule soson nan dai, Ɗanliti, rana tana yi!"

Arzika makanike ke tsaye a kaina, maƙwabcina katanga ɗaya a Bodinga, yana ta buga ƙafa kamar mai jin fitsari. Ni tela ne, ina ruwana da mota? Amma ga hular kwano a cinyata, ga almakashi a hannu.

Shekarar da sabulu ma sai an bi layi ce. Su Arzika kuwa, makanikai biyar da tsofaffin fijo, duk Juma'a in an sauko masallaci sai fakon hanyar Lambara, tsere. Gaskiya ɗaya ce, Arzika bai sayi hular banza ba. Sau uku yana zuwa Sakkwato. Ya ƙi irin ta 'yan aikin titi, ya ƙi wata mai tsaga da aka rufe da fenti, ya zaɓo mai maɗauri wadda ta kama kansa cif. Sai dai ba ta shiga a kan tagiyarsa, hular da ba ya rabuwa da ita.

Na ce, "To tuɓe tagiyar mana."

"Ni? Magidanci da ɗiya huɗu, in cire kwano gaban jama'a a ga kaina tsirara? Haba!"

"Wanga farin soso na ciki, ba banza anka sa shi ba."

"Ciko na kawai. Kwanon waje shi ka tsaron kai."

Raina bai so ba, wallahi bai so ba. Amma mutumin da ko tsakar dare keken ɗinkina ya cije shi nake kira, da wane baki zan ƙi? Na ƙwaƙule soson tas, na liƙa ƙyalle. Ya kifa ta a kan tagiya, tana rawa a kansa, ya fita yana fito.

Bayan Juma'a zama ya gagare ni. Na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na leƙa titi, na dawo. Matarsa Salamatu ta ɗaga murya ta bayan katanga, "Malam Ɗanliti, sun komo?"

"Tukuna."

Wansa Mainasara ne ya komo da shi a bayan a-kori-kura. Taya ce ta fashe, motar ta wuntsila sau ɗaya tak. Arzika ya fito da ƙafarsa har yana dariya, ko ɗigon jini babu. Ya ce kansa na sarawa, ya kishingiɗa a gindin aduwa, bai ƙara tashi ba.

Mainasara ya ce, "Hular ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kwana na yaƙ ƙare."

Kowa ya gyaɗa kai. Babu wanda ya juya ta ya duba cikinta. Na buɗe baki, na ji kukan Salamatu, na rufe. Tsoro ne, ba zan ɓoye muku ba.

Jim kaɗan Mainasara ya shigo shagona da farin yadi. "Kai aka jira. Muna son kai shi kahin magariba."

Na ɗauko allura. Sau huɗu ina kai zare yana kuskure kafar allurar. Mainasara ya tsuguna a gabana, ya riƙe mini bakin likkafanin, yana jira.