Katifa a Kan Katanga

"Kama min can gefen, Ya Adawiyya, ni kaɗai ba zan iya ɗaga ta ba."

Na jingine tsintsiya na kama. Katifar ta yi nauyi kamar an tsamo ta daga kogi. Da ƙyar muka ɗora ta a kan guntuwar katangar da ta raba gidanmu da nasu, inda rana take fara bugawa.

Shekara tara muna katanga ɗaya da Hadijatu a Gashuwa. Mijinta Madu mutumin Dagona ne, masunci, daga baya ya bar sana'ar su ya koma bandar kifi yana kaiwa kasuwa. Ba shi da yawan magana. Duk ranar da kifi ya samu, sai ya sa an miƙo mana tarwaɗa biyu ta saman katangar nan.

Na shafa tafin hannuna a zani na ce, "Fanna ce ta yi wannan aika-aikar?" Fanna 'yarsu ce, shekararta huɗu.

"Ina fa Fanna. Babanta ne." Ta waiga, ta rage murya. "Gumi ne."

"Gumi? A wannan sanyin da kowa yake neman bargo?"

"Riga uku yake canzawa kafin asuba. In na kunna fanka ya ce sanyi zai kashe shi, in na kashe ya jiƙe sharkaf. Na shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, ƙararta ta hana mu runtsawa. Ni ma a jiƙe nake tashi. Wata biyu ke nan ban yi barcin kirki ba, hannuna duk ya tsattsage da wanki." Ta nuna min yatsunta. "Don Allah maganar ta tsaya a nan. Kin san shi da kunya."

Na girme ta, kuma tana jin maganata. Na ce mata zafin wutar banda ne ya taru a jikinsa, ba abin asibiti ba ne, ta jiƙa masa tsamiya da sabara. Na ƙara da cewa, "Ke kuma ki sauko ƙasa ki yi shimfiɗarki. Kya kashe kanki ne?"

Ta yi yadda na ce.

Bayan sati biyu aka yi suna a gidan Rahima, can bakin layinmu. Muna zaune a tsakar gida ana cin shinkafa, wata ta ce, "Wai ni Adawiyya, katifar da ke wuni kullum a katangarki ta wace ce?"

Allah ya sani ban yi niyyar mugunta ba. So na yi a yi dariya, don an san ni da ban dariya a taro. Na ce, "Ta Madu ce. Ruwan Dagona ne ya biyo shi har gado, kullum sai an matse shi da safe."

Aka kwashe da dariya. Gogo, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Gumi da dare? Ga shi kuwa na ga ya rame. Uhm. Allah dai ya raba mu da ciwon zamani."

Da na buɗe baki na ce ba haka ba ne, da ƙila a nan maganar ta mutu. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cin shinkafata.

Kafin wata ya ƙare, kwandon Madu ya fara dawowa daga kasuwa yadda ya tafi. Maigidana ya shigo wata rana yana cewa a masallaci in Madu ya ajiye buta ba mai ɗauka. Ya tambaye ni ko na ji wani abu. Na ce ban ji ba.

Sai tari ya biyo baya. Ta katanga ina jin Hadijatu tana roƙonsa.

"Baban Fanna, mu je a duba ka mana."

"In na taka ƙofar asibitin garin nan, ai na sa musu hannu ke nan a kan abin da suke faɗa. Bar ni."

Haka aka ci sanyi, aka shiga bazara. Ranar da ya faɗi a bakin murhun banda, ƙaninsa Alamin ya zo daga Dagona, bai nemi shawarar kowa ba, ya sa shi a mota sai Nguru, inda ba wanda ya san shi.

Hadijatu ta kira ni a waya kwana uku bayan nan. "Tarin fuka ne, Ya Adawiyya. Ba abin da ake faɗa ba ne. Likita ya ce maganin ma kyauta ake bayarwa. Ya ce da mun zo tun farkon gumin…" Ba ta ƙarasa ba.

Ranar Talata na dama kunun gyaɗa na shiga motar Nguru. Tun daga tasha nake shirya abin da zan faɗa. Aka ba ni ƙyallen rufe hanci, na shiga. Da ba don Hadijatu tana zaune a gefen gadon ba, da ban gane shi ba. Tana riƙe da tawul tana goge masa wuya, ta matse a roba, ta sake gogewa.

"Sannu, Malam Madu. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Hajiya." Ya huta, ya tara numfashi. "Dama ina son ganinki. Katifar nan da muke ɗora miki… na ga ta zubar miki da yaɓen katanga. In na tashi zan gyara. In ban tashi ba, ki yafe min."

Na ce, "Ba komai, wallahi ba komai." Abin da na iya faɗa ke nan. Na ajiye kunun na fito, na tsaya a gindin wata bishiyar maina har aka kira la'asar.

Ranar Alhamis ya cika. A Gashuwa aka yi jana'iza, layinmu ya cika maƙil. Gogo ta fi kowa kuka.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka watse, na zagaya na shiga gidan da hantsi. Na tarar da Hadijatu a kan tabarma cikin kayan takaba, da faranti a gabanta tana tsintar shinkafa. Na durƙusa daga nesa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin san abin da yake hana ni sukuni? Wata biyar ina kwana a ƙasa. Ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba. Sai dai ya leƙo ya ce, 'Hadi, ƙasan ba sanyi?' Shi da yake cikin ruwa."

"Ni na sa ki," na ce. "Kuma ba wannan kaɗai ba. Maganar da ta zaga gari, ranar sunan gidan Rahima…"

"Na sani."

Na kalle ta.

"Ke kaɗai na faɗa wa, Ya Adawiyya. Tun ranar da kifinsa ya fara dawowa na sani."

"Me ya sa ba ki ce min komai ba?"

"In na ce, wa zai kama min katifar?"

Na jira ta zage ni, ko ta ce ta yafe. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gyara zama ta bar min gefen tabarma, ta turo farantin tsakaninmu. Na matso na sa hannu. Shinkafar gida ce, mai yawan tsakuwa. Muka yi ta tsinta, ba mai magana, sai ƙarar tsakuwa in ta faɗa cikin murfin kwano.